BABI NA BIYU: DAGA FADA ZUWA DANDALI: SIYASA DA ZAMANTAKEWAR GIRKAWAN FARKO

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. A wannan babi kuwa za a dubi yadda Girkawan farko suka tsara mulkinsu da zamantakewarsu, tun daga wajen shekarar 1600 har zuwa shekarar 500 kafin Miladiyya (K.M.). Ya kamata a lura cewa shekarun kafin Miladiyya da baya ake ƙirga su, wato shekarar 700 ta riga shekarar 600 zuwa.

Sau da yawa idan aka ambaci tsohuwar Girka, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne dimokuraɗiyya, har wasu su ɗauka cewa hali ne da aka haifi Girkawa da shi, ko kuma wani tsari ne da masana falsafa suka zauna suka ƙago. Tarihi bai nuna haka ba. Girkawa da sarauta suka fara, irin wadda fada ke riƙe da kusan komai. Abin da wannan babi yake ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, iko ya bar fada ya koma dandalin gari ne a hankali, a sanadiyyar rushewar fadoji da rikicin gona da bashi da sauyin salon yaƙi da kuma rubuta doka. Haka nan kuma za a nuna cewa ko bayan da ikon ya sauka dandalin, ba kowa ne ya sami wurin tsayawa a cikinsa ba.

2.1 Ƙasar Girka

Ƙasar Girka tana kudu maso gabashin Turai, a bakin Bahar Rum. Mafi yawanta duwatsu ne, ƙasar noma kuwa 'yan kwaruruka ne da filaye a tsakanin tsaunuka, ga kuma tsibirai masu yawa a Tekun Ejiyan. Manyan amfanin gonarta su ne sha'ir da alkama da zaitun da inabi. Wannan yanayi ya haifar da abubuwa biyu. Na farko, al'ummomi sun zauna a rarrabe, kowace da kwarinta. Na biyu, tafiya ta ruwa ta fi ta tudu sauƙi, saboda haka tun da wuri Girkawa suka saba da jirgi, suka yi hulɗa da Masar da Finikiya da Asiya Ƙarama, wato yammacin Turkiyya ta yau.

2.2 Zamanin Fadoji (1600 zuwa 1200 K.M.)

Wayewar farko da aka tabbatar ta masu magana da harshen Girkanci ce ita ce wadda ake kira wayewar Maisini, daga sunan wani birni mai ganuwa da ke yankin Felofonis. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Schliemann ne ya tona kaburburan sarakunan birnin a shekarar 1876, ya fito da kayan zinariya masu yawa. Daga shekarar 1900 kuma Arthur Evans ya tona fadar Kunosos a tsibirin Karita, sannan a 1939 Carl Blegen ya gano fadar Filos. A waɗannan fadoji an sami dubban allunan yumɓu masu ɗauke da wani irin rubutu da babu wanda ya iya karantawa, sai a shekarar 1952 da wani ɗan Ingila, Michael Ventris, ya warware shi, ya nuna cewa tsohon Girkanci ne.

Allunan ba su ƙunshi tarihi ko waƙa ba, lissafin fada ne zalla. A cikinsu aka ga cewa a saman kowa akwai sarki da ake kira wanaks. An raba ƙasar Filos zuwa larduna 2 da gundumomi 16. Magatakardan fada suna rubuta tagullar da aka ba maƙera, da alkama da ɓauren da ake aunawa mata masu saƙa a matsayin abinci, da man zaitun da aka kai wa gumaka. Allunan Kunosos sun lissafa tumaki kimanin 100,000. Wannan ya nuna cewa fada ce ke tara dukiya, ita ce kuma ke rarraba ta. A can ƙasa cikin jerin masu muƙami akwai wani ƙaramin shugaba, wanda sunansa ya zama basiliyus a Girkancin baya. Ya kamata a riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa.

2.3 Rushewar Fadoji da Abin da Ya Biyo Baya

Wajen shekarar 1200 K.M. aka ƙone fadojin nan ɗaya bayan ɗaya. Hasali ma wutar da ta cinye fadar Filos ita ce ta gasa allunan yumɓunta har suka kai ga wannan zamani. Masana sun kawo dalilai daban-daban na rushewar, kamar harin baƙi da fari da girgizar ƙasa da tawayen cikin gida da kuma yankewar hanyoyin ciniki. Abin lura shi ne ba Girka kaɗai abin ya shafa ba, domin a daidai wannan lokaci daular Hittiyawa ta faɗi, birnin Ugarit na gaɓar Siriya shi ma ya kone.

Sakamakon ya yi muni. Jama'a ta ragu ƙwarai, an watse daga garuruwa da dama, rubutu ya ɓace na kimanin shekara 400, domin magatakardan fada ne kaɗai suka san shi. Wannan ne ya sa ake kiran lokacin zamanin duhu. Sai dai duhun bai kai yadda aka zata a da ba. A wannan zamani ne, daga wajen 1050 K.M., ƙarfe ya maye gurbin tagulla wajen ƙera makamai da kayan aiki. A Lefkandi da ke tsibirin Yubiya kuma an tono wani gini na wajen 950 K.M. mai tsawon kusan mita 50, wanda aka binne namiji da mace da dawaki 4 a cikinsa, tare da kayan ado na zinariya da wasu kayayyaki daga gabas.

Ta fuskar siyasa, babban sauyin shi ne wanaks ya tafi bai dawo ba. Wanda ya rage shi ne basiliyus, wato babban mutumin gari, mai gonaki da shanu da 'yan rakiya. Ikonsa bai dogara da magatakarda ko rumbun fada ba, ya dogara ne da jarumtarsa da kyautarsa da iya bakinsa. Irin wannan shugaba tilas ne ya nemi yardar mutane kafin ya ja su zuwa yaƙi.

Ana ganin hoton wannan zamani a cikin dogayen waƙoƙin baka guda biyu da ake jingina wa Homa, wato Iliyad da Odisi, waɗanda aka daidaita wajen 750 zuwa 700 K.M. Binciken da Milman Parry ya yi a tsakanin mawaƙan baka na Yugoslabiya daga 1933 zuwa 1935 ya taimaka wajen fahimtar cewa yawan maimaita kirarin jarumai da ake gani a waƙoƙin alama ce ta waƙar da aka gada baki da baki. A cikin Iliyad akwai wurin da aka tara mayaƙa, sai wani talaka mai suna Tersitis ya miƙe ya zargi sarki Agamemnon da haɗama. Odisiyus ya kwaɗa masa sandar sarauta a baya, jama'a suka yi dariya. Wannan labari yana nuna abubuwa biyu a lokaci guda: taron jama'a ya riga ya samu, amma magana a cikinsa ta manya ce. Shi kuwa mawaƙi Hesiyod, manomi daga ƙauyen Askara, wanda ya rayu wajen 700 K.M., ya koka a kan rigimar gado tsakaninsa da ɗan'uwansa Fersis, inda ya zargi manyan gari da karɓar toshiyar baki suna karkatar da shari'a. Tun daga nan ake iya hango matsalar da za ta dami Girkawa: shari'a tana bakin manya, babu inda aka rubuta ta.

2.4 Samuwar Birni Mai Cin Gashin Kansa

A ƙarni na 8 K.M. jama'a ta sake yawaita, ƙauyuka suka riƙa haɗuwa suna zama abin da Girkawa ke kira folis, wato birni da karkararsa a ƙarƙashin hukuma guda mai cin gashin kanta. Daga wannan kalma ce harsunan Turai suka samo kalmarsu ta siyasa. Ƙididdigar da wata cibiyar bincike ta birnin Kofanhegan ta buga a 2004 ƙarƙashin jagorancin Mogens Herman Hansen ta lissafa irin waɗannan birane 1,035. Yawancinsu ƙanana ne. Atina, wadda karkararta ta kai kimanin murabba'in kilomita 2,500, tana cikin manya.

Kusan kowane birni yana da tudu mai ganuwa inda ɗakin bauta yake, da kuma fili a tsakiyar gari da ake kira agora, wanda shi ne kasuwa, shi ne kuma dandalin taro. Hukumar birni ta ƙunshi sassa uku: masu muƙami da ake naɗawa na shekara guda, da majalisar dattawa, da taron 'yan gari. A Atina sunan basiliyus bai ɓace ba, amma ya zama muƙamin shekara ɗaya mai kula da harkokin addini. Da farko dai manyan gidaje ne suka raba ikon a tsakaninsu, suna kiran kansu mafifita. Abubuwa uku ne suka girgiza wannan tsari.

2.4.1 Ƙaura

Ƙarancin ƙasar noma da neman ƙarafa sun sa daga wajen 770 zuwa 550 K.M. Girkawa suka bazu a gaɓar Bahar Rum da Baƙin Teku. Mutanen Korinti sun kafa Sirakus a tsibirin Sisili wajen 733, mutanen Megara sun kafa Bizantiyum inda Istambul take a yau, mutanen Fokiya kuma sun kafa Masaliya wajen 600, wato Marsai ta Faransa. A Afirka ma mutanen tsibirin Tera sun kafa Sairin a Libiya wajen 631. Hirodotus ya ruwaito cewa fari na shekara 7 ne ya tilasta su, har aka jefa ƙuri'a tsakanin 'yan'uwa domin fitar da waɗanda za su tafi. A sabon gari dole a zauna a raba gonaki, a tsara wa zai yi mulki. Wannan ya koya wa Girkawa cewa tsarin mulki abu ne da mutane ke shiryawa, kuma suna iya sauya shi.

2.4.2 Sauyin Salon Yaƙi

Daga wajen 700 zuwa 650 K.M. aka koma yin yaƙi da sahu-sahun dakaru masu kwalkwalin tagulla da mashi da wata zagayayyiyar garkuwa mai faɗin kusan mita guda. Garkuwar kowane mutum tana kare gefen maƙwabcinsa na hagu, saboda haka idan ɗaya ya gudu, sahu ya ɓalle. Kowa shi ke sayen makamansa, don haka manoma masu rufin asiri ne suka cika sahun. Mutumin da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan babban gida a fagen fama, da wuya a hana shi magana a dandali. Masana sun saɓa a kan saurin wannan sauyi, amma sun yarda cewa mallakar gona da ɗaukar makami da zama ɗan gari sun ɗaure da juna.

2.4.3 Rubutu da Doka

A ƙarni na 8 K.M. Girkawa suka ari baƙaƙen Finikiyawa, suka mai da wasu daga cikinsu wasula. Rubutun fada na da yana da alamomin gaɓa kusan 90, sabon kuwa haruffa ashirin da 'yan kai ne, wanda mutum zai iya koya cikin ɗan lokaci. Ba a daɗe ba aka fara sassaƙa dokoki a jikin dutse. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa ita ce ta garin Direros a Karita, ta ƙarni na 7 K.M., wadda ta ce duk wanda ya riƙe babban muƙamin gari ba zai sake riƙe shi ba sai bayan shekara 10, idan kuma ya karya wannan, hukuncin da ya yanke ba shi da inganci. Wato tun farkon rubuta doka, abin da ya dami mutane shi ne kada iko ya daɗe a hannu ɗaya.

Ba a kowane gari ne doka ta yi nasara nan take ba. A wurare da dama wani daga cikin manya ya yi amfani da fushin talakawa ya ƙwace mulki da ƙarfi. Irin wannan mutum shi ake kira tiranos. Misali, Kifselos ya kifar da gidan Bakiyad a Korinti wajen 657 K.M., ɗansa Feriyanda ya gaje shi. Irin wannan mulki ba ya cika wuce tsara biyu ko uku, amma yakan karya lagon manyan gidaje.

2.5 Hanyar Sparta

Sparta ta magance ƙarancin gona ta hanyar cinye maƙwabciyarta Meseniya a ƙarni na 8 da na 7 K.M. Ta mai da mutanen ƙasar bayin gandu da ake kira helot, suna noma suna kai wa iyayengijinsu kaso. Tsarin mulkinta ya haɗa sarakuna 2 daga gidaje biyu, da majalisar mutum 30, wato dattawa 28 da suka haura shekara 60 tare da sarakunan, da masu sa ido 5 da ake zaɓa kowace shekara, da kuma taron 'yan gari. Ana ɗauke yaro daga gida yana ɗan shekara 7 a shiga ba shi horon soja, idan ya girma kuma tare da rukuninsa yake cin abinci, kowa yana kawo nasa kaso duk wata. Wanda ya kasa kawowa ya rasa matsayinsa na cikakken ɗan gari.

'Yan Sparta suna kiran kansu tsarara, wato masu daidai da juna, amma wannan daidaito a kan wuyan helot ya tsaya. An ruwaito daga Aristotal cewa kowace shekara masu sa ido sukan shelanta yaƙi a kan helot, domin kashe su kada ya zama laifin jini. Tsarin ya ba Sparta rundunar da ta fi kowace ƙarfi a Girka, amma ya riƙa cin kansa. Hirodotus ya ce a shekarar 480 K.M. cikakkun 'yan gari sun kai 8,000, a zamanin Aristotal kuwa ba su kai 1,000 ba.

2.6 Hanyar Atina

2.6.1 Rikicin Gona da Bashi

A Atina ne aka fi samun cikakken bayani, musamman daga littafin tsarin mulkin Atina da ake jingina wa Aristotal, wanda aka gano a rubuce a takardar fafirus daga Masar aka buga shi a Landan a 1891. Wajen 632 K.M. wani ɗan babban gida mai suna Kilon ya yi yunƙurin ƙwace mulki bai yi nasara ba, aka kashe magoya bayansa. A 621 Darako ya rubuta dokokin farko na birnin. An san su da tsanani, amma dokarsa ta kisan kai ta bambanta kisan ganganci da na kuskure, ta kuma sa hukuma a tsakanin dangin mamaci da wanda ya yi kisa, domin a rage ɗaukar fansa.

Sai dai rubuta doka bai cika wa kowa rumbu ba. Ƙasar noma tana hannun 'yan tsiraru. Akwai manoma da ake kira 'yan sudusi, saboda suna biyan kashi ɗaya cikin shida na amfanin gonarsu ga manya. Bashi kuwa da jikin mutum ake jinginar da shi. Idan damina ta gaza, manomi ya ci bashin iri, wata shekarar ma ta gaza, sai a kama shi da 'ya'yansa a bautar, wasu har a sayar da su ƙasashen waje. Ruwa ba ya tsami banza: gari ya kai gab da yaƙin basasa, talakawa suna neman a sake raba ƙasa, manya kuma suna tsoron kada wani tiranos ya hau kan wannan fushi.

2.6.2 Gyare-gyaren Solon

A shekarar 594 K.M. ɓangarorin biyu suka amince da Solon, ɗan babban gida, mawaƙi, a matsayin shugaba mai sasantawa. Matakinsa na farko shi ne abin da aka kira sauke kaya. Ya soke basussuka, ya tumɓuke duwatsun da aka kafa a gonaki don nuna cewa akwai haƙƙin wani a kansu, ya haramta jinginar da jikin ɗan Atina, ya kuma dawo da waɗanda aka sayar waje. A cikin waƙoƙinsa ya ambaci cewa wasunsu har sun manta harshen garinsu.

Mataki na biyu shi ne raba 'yan gari aji huɗu bisa yawan amfanin gona a shekara: masu awo 500, da masu 300, da masu 200, da waɗanda ba su kai haka ba. Awon hatsi ɗaya ya kai kimanin lita 52. Manyan muƙamai na azuzuwan sama ne, amma ajin ƙasa ya sami damar zama a taron gari da kuma kotun jama'a. Da wannan, dukiya ta maye gurbin haihuwa a matsayin ma'aunin mulki. Haihuwa ba ta canzawa, dukiya kuwa ana samu ana rasawa, saboda haka ƙofar da a da take kulle ta ɗan buɗe. Mataki na uku ya shafi shari'a: kowane ɗan gari yana iya shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta, kuma ana iya ɗaukaka ƙara daga hukuncin mai muƙami zuwa kotun jama'a. An rubuta dokokin a allunan katako aka ajiye inda kowa zai gani.

Solon ya ƙi raba ƙasa, ya kuma ƙi zama tiranos ko da yake dama ta samu. Saboda haka bai gamsar da kowa ba: manya sun yi asarar bashinsu, talakawa ba su sami gonakin da suka sa rai ba. Ya bar garin na shekara 10 domin kada a matsa masa ya sauya dokokin.

2.6.3 Daga Fisistiratus zuwa Kilistenis

Rigimar manyan gidaje ta ci gaba, har Fisistiratus ya kafa mulkinsa sosai a 546 K.M. bayan yunƙuri biyu da ba su ɗore ba. Bai soke dokokin Solon ba. Ya ba ƙananan manoma rance, ya kuma aika alƙalai suna zagaya ƙauyuka, abin da ya rage dogaron talaka da babban mutumin yankinsa. Ya rasu a 527, aka kashe ɗansa Hifarkus a 514, sannan a 510 aka kori ɗaya ɗan nasa, Hifiyas, da taimakon Sparta.

Bayan haka aka yi takara tsakanin Isagoras da Kilistenis. Da Kilistenis ya ga an rinjaye shi a cikin manya, sai ya jawo talakawa. Isagoras ya kira sarkin Sparta Kiliyominis, suka kori gidaje 700, suka nemi rushe majalisa. Majalisa ta ƙi, jama'ar gari suka yi musu ƙawanya a kan tudun Akurofolis kwana biyu, a rana ta uku suka fice. A shekarar 508 zuwa 507 K.M. Kilistenis ya sake tsara ƙasar. Ya mai da ƙauyuka da unguwanni 139 tushen rajistar 'yan gari. Ya ƙirƙiri ƙabilu 10, kowace ta haɗa mutanen birni da na gaɓar teku da na cikin ƙasa, domin kada wani gida ya mallaki ƙabila guda. Kowace ƙabila tana ba da mutum 50 ga majalisar mutum 500 mai shirya abin da taron gari zai tattauna. Sunan da aka fi danganta wa tsarin a lokacin shi ne isonomiya, wato daidaito a gaban doka. Kalmar dimokuraɗiyya daga baya ta bazu.

2.7 Waɗanda Aka Bari a Bakin Dandali

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi baligan maza 'ya'yan gari ne kawai, kuma su ne marasa rinjaye a cikin jama'a. Mace a Atina tana ƙarƙashin waliyyi duk rayuwarta, uba ko miji ko ɗa. Akan aurar da ita tana 'yar shekara 14 ko 15 ga namiji mai kimanin 30. Idan uba ya mutu bai bar ɗa namiji ba, akan aurar da 'yarsa ga makusancin dangi domin gona ta tsaya a gida. Matan Sparta sun fi sakewa, har Aristotal ya ce kashi biyu cikin biyar na ƙasar yana hannunsu. A fagen addini mata sun riƙe manyan matsayi, a fagen waƙa kuma akwai Safo ta tsibirin Lesbos, wadda ta yi fice wajen 600 K.M.

Baƙi mazauna gari suna ciniki da sana'a, amma ba su mallakar ƙasa, ba su kuma jefa ƙuri'a. Game da bayi, haramcin da Solon ya yi bai kawar da bauta ba, wanda ake bautarwa kawai ya sauya. Da aka hana bautar da ɗan gari, sai masu dukiya suka koma sayen bayi daga Tarakiya da gaɓar Baƙin Teku da Asiya Ƙarama, suna aiki a gonaki da gidaje da ma'adinan azurfa na Lauriyon. Wannan ne ya sa masanin tarihi Moses Finley ya lura cewa a Girka 'yanci da bauta tare suka bunƙasa.

2.8 Al'adun da Suka Haɗa Girkawa

Duk da rarrabuwar siyasa, Girkawa sun ɗauki kansu al'umma ɗaya. Hirodotus ya jingina wannan ga jini da harshe da wuraren bauta da ɗabi'u. Suna bauta wa gumaka da yawa ƙarƙashin Ziyus, ta hanyar yanka da bukukuwa, kuma kowane birni yana da nasa majiɓinci, kamar Atena a Atina. Birane sukan aika Delfi neman shawarar bokanyar Afolo kafin kafa sabon gari ko fita yaƙi. A Olimfiya kuwa ana gasar wasanni duk shekara 4, wadda bisa al'ada ake cewa ta fara a 776 K.M. Ana shelar tsagaita wuta domin matafiya su isa lafiya, kyautar gwani kuma rawanin ganyen zaitun ne kawai.

Ɗabi'ar gasa da muhawara a bainar jama'a ta shiga har fagen ilimi. A Militus, Talis da almajiransa na ƙarni na 6 K.M. sun nemi bayanin asalin duniya ba tare da jingina shi ga labaran gumaka ba, Zenofanis kuma ya soki yadda mutane ke siffanta gumaka da kamanninsu. Mutanen da suka saba tambayar hujjar mai mulki a dandali ba su tsaya nan ba.

2.9 Naɗewa

A wannan babi an bi sawun iko a tsakanin Girkawan farko, daga fadar wanaks mai lissafa tumaki da tagulla, zuwa basiliyus mai neman yardar mayaƙansa, zuwa birni mai muƙaman shekara guda da doka a jikin dutse. An ga cewa matsala guda, wato ƙarancin gona, ta haifar da mafita daban-daban: wasu sun yi ƙaura, Sparta ta bautar da maƙwabta, Atina kuma ta soke bashi ta faɗaɗa taron gari. An kuma ga cewa a kowane mataki rikici ne ya tilasta gyara, kuma mata da baƙi da bayi ba su shiga cikin rabon ba. Babi na gaba zai dubi yadda wannan sabon tsari ya fuskanci jarrabawarsa ta farko, wato yaƙe-yaƙen da aka yi da daular Farisa daga shekarar 499 zuwa 479 K.M.